Inna Mai Keke, Ga Almakashinki a Hannuna

Inna Mai Keke ta rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da hantsi, a ɗakin mata na asibiti, 'yarta tana riƙe da hannunta. Allah ne ya ba mu ita, shi ya karɓi abarsa, mu ma duk can muka nufa. An kai ta makwancinta bayan la'asar. Mazan da suka raka ta sun ce ba su taɓa ganin mata sun cika bakin titi haka ba, tsaye cirko-cirko a ƙofofin shaguna.

Yau kwana goma sha biyu ke nan. An ce ni zan rubuta ta'aziyya a madadin matan cibiya, wai don ni ce mai boko a cikinsu. Shugaban kwamitinmu har ya aiko mini da takarda, an buga ta da kwamfuta, ɗauke da kalmomin da ya ga ya dace in sa: gwarzuwa, fitila, uwar marasa gata. Na ninke takardar gida huɗu na tura ta ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkin Inna da ke girgiɗi tun bara. Ta yi amfani, keken ya daina rawa.

Inna, da ke zan yi magana, kuma in faɗa miki tun yanzu, raina a ɓace yake. Na yi kuka har ya ishe ni. Abin da ya rage a ƙirjina fushi ne, da kwamiti, da masu jawabi, kuma kaso mafi tsoka a kaina nake jin sa. An bar mini kwana huɗu kacal kafin zaman da za a yanke shawara kan abin da kika shekara ashirin da biyu kina ginawa, don haka ba ni da lokacin yin daɗin baki.

Wanda bai san cibiyarmu ba, ko ya wuce ta sau ɗari ba zai ce ga ta ba. Shagon ɗinki ne tsakanin kantin magani da mai gyaran waya. Kekuna huɗu, teburin yanka, igiyar rataya kayan da aka gama, sai wani shuɗin labule a ƙurya wanda rana ta gama cinye launinsa. Bayan labulen nan cibiyar take: ɗaki ɗaya mai benci biyu, katifa uku jingine da bango, risho da butar shayi, da ƙofar baya mai fita lungun masu kayan miya. Ba allo, ba suna a bango. Mata dai sun san in abu ya yi tsanani a gida, sai a ɗauki riga ko zane a ce za a kai gyara. Har yau ban ji namijin da ya hana matarsa kai gyara ba.

Sau ɗaya tak kika ba ni labarin yadda abin ya fara, kuma ba ki ɗago kai daga ɗinki ba har kika gama. Ƙanwarki ce ta kawo miki riga ta yage a kafaɗa, kika ɗinke kika miƙa mata. Bayan wata guda ta dawo da ita, wuri ɗaya ya sake yagewa. Kika ɗinke, har kina yi mata faɗan rashin tattali. Karo na uku ta tsaya a bakin ƙofa tana ta juya rigar a hannu, ta ƙi tafiya, ke kuwa aiki ya sha miki kai, kika ce ta gai da yara. Ba a yi na huɗu ba. Sai wurin yi mata wankan gawa kika ga kafaɗar da ke cikin rigar. Kika ce mini, "Sau uku tana gaya mini, ni kuwa ina ɗinkewa." A satin kika sayi labule kika raba shagonki biyu.

Daga nan idonki ya koyi karatun yaga. Kin san ta ƙusa, kin san ta tsufa, kin san wadda aka fizga, kin san wadda mace ta yi da hannunta don ta sami dalilin fita. In kika ga biyun ƙarshen nan, maganarki ɗaya ce: "Gyaran nan zai ɗau lokaci, shiga ciki ki jira." Ba ki tambayar suna. Ba ki tambayar unguwa, balle matar waye. Sai ki zuba mata shayin nan naki da sukari ke yi wa yawa, ki koma kan keke ki ƙyale ta. Wata a ranar take buɗe baki, wata sai zuwa na biyar. Akwai wadda ba ta taɓa cewa komai ba, barcin awa ɗaya kawai take zuwa yi ba tare da fargaba ba, kika ce a bar ta, wannan ma aiki ne.

Ni ma haka na zo, shekara goma sha biyar da suka wuce, da rigar 'yata da na yaga da haƙori a bayan ɗaki. Mijina ya rasu, 'yan'uwansa sun ba ni mako biyu in bar musu gida, ga yara uku. Kika duba rigar, kika dube ni, kika ce, "Haƙoranki da kaifi. Shiga ciki." Na yi dariya, ta farko tun rasuwar, daga dariyar kuka ya ƙwace mini. Wata huɗu kina raka ni kotu, ki zauna a bencin baya da ledar kaya kina sa maɓallai da hannu har a kira mu. A gidan nan nake har yau. Ba ki san sunana ba sai da magatakarda ya kira shi da ƙarfi, kuma ko bayan nan 'Yar Boko kike ce mini.

A hankali abu ya bunƙasa. Wata nas ta soma zuwa kowace Litinin tana duba waɗanda ke tsoron zuwa asibiti. Wata lauya ta ɗauki Laraba, kuma ita ma ta bakin shago take shigowa, da siket a leda kamar kowa. Waɗanda ba su da abin yi kika ɗora su a kan keke. Ku zaga kasuwa ku tambayi mata masu shagon ɗinki wa ya koya musu, za ku gaji da jin sunanki. Wadda gida ya gagare ta, katifa tana nan har a sami danginta. Wadda ta ce za ta koma, ba ki hana ta ba, sai dai ki ƙi ƙarasa gyaran, ki ce ta dawo jibi ta karɓa.

Kada wani ya mai da ke waliyya, ba za ki so ba. Bakinki da kaifi, Inna. Ɗinkina nawa kika warware a gaban mutane kina cewa ko makaho ba zai sa wannan ba? Kin sa ni kuka a kan hannun riga ya fi sau goma. Amma bakin nan ne ya tsare mu ranar da wani ƙato ya faɗo shago yana huci, wai an ce matarsa tana nan. Duk muka daskare a kan kekuna. Ke kuwa ko tashi ba ki yi ba, ga allurai a bakinki, kika dube shi sama da ƙasa kika ce, "Malam, nan shagon ɗinki ne. In wandonka ne ya yage, cire mu gyara." Mai gyaran waya ya tuntsire da dariya, mutane suka fara taruwa, mutumin ya fice yana ƙunƙuni. Kafin nan matar ta daɗe da bi ta lungun masu kayan miya.

Lissafi ɗaya kike yi. Duk macen da ta shiga bayan labule karon farko, sai ki ɗauki maɓalli ki jefa a kwalba. Kwalba tara ce a kan kantar shago yanzu, takwas cike, ta tara ta wuce rabi. Ba ki san sunan mafi yawansu ba, amma kina iya nuna wani jan maɓalli ta jikin gilashi ki ce, "Wannan mai ciki ce, da ruwan sama ta zo."

Shekara shida da suka wuce aka ce dole a yi wa cibiya rajista a kafa kwamiti, ba ki ƙi ba. Aka ɗora Shugaba, tsohon ma'aikacin ofis da ya yi ritaya. Ba zan yi masa ƙarya ba ko da raina a ɓace, shi ya samo mana kekuna biyu, shi ya sa aka gyara rufin da ke yoyo. Amma mutum ne da bai yarda abu ya faru ba sai ya gan shi a takarda. Sau uku yana kawo maganar a ajiye littafi a bakin ƙofa, sau uku kina korar ta. Na ƙarshe ina wurin.

Ya ce, "Inna, ba a tafiyar da cibiya da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Masu tallafi suna son shaida cewa akwai matan."

Kika nuna kwalaben da almakashi kika ce, "Ga su nan. Su zo su ƙirga."

Ya ce, "Maɓalli ai ba shi da suna, ba shi da lambar waya."

Kika ce, "Shi ya sa na zaɓe shi."

A watan Nuwamba ciwon ƙoda ya kwantar da ke. Ko mako ba a rufa ba sai ga tebur a bakin ƙofa, ga babban littafi mai baƙin bango, an ja masa layuka: suna, unguwa, sunan miji, lambar waya, abin da ya kawo ki. Duk ƙarshen mako a kwashe abin da aka rubuta a zuba a kwamfutar ofishin Shugaba, ita kuma ta riƙa tura wa mata saƙon tuni. 'Yan kwamiti suka ce ci gaba ne. Suka ce kada a gaya miki, kada a tayar miki da hankali kina jinya. Mace tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa, ku lallaɓa ta bayanta ku rushe ƙa'idarta guda ɗaya, ku ce tausayinta kuke ji! Allah wadaran tausayi irin wannan.

Sai dai littafi ba ya rubuta kansa, sai da mai riƙe biro. Ni ce. Suka kira ni jami'ar karɓar baƙi, suka rataya mini kati a wuya mai hotona. Inna, wallahi na ji daɗin katin nan. Har gida nake zuwa da shi don yarana su gani. Ni da na san wuyar tsayuwa a bakin ƙofar nan, ni na zauna na tare ta da tebur. Na ga mata sun leƙo sun ga littafi sun ce gyaran ba na gaggawa ba ne, sun juya. Na gani da idona, na ce a raina za su saba.

Akwai wata mai wanki da ta kai shekara biyu tana zuwa. Siririya ce, hannuwanta duk sun tsattsage da sabulu, gida-gida take bi tana wanki tana ciyar da 'ya'ya huɗu. Shekara biyu kina jiran ranar da za ta ce ta shirya ganin lauya. A ƙarshen watan Janairu ta zo ta ce ta shirya, ba ta tarar da ke ba, ta tarar da ni da birona. Na rubuta sunanta, na rubuta na mijinta, na zo kan lamba.

Ta ce, "Ba ni da waya, 'Yar Boko, sai ta maigidan."

Na ce, "Kawo ta haka nan, cike gurbi ne kawai, ba wanda zai kira."

Ta dubi labule, ta dubi titi. Sannan ta karanto mini lambar a hankali, ni kuwa na rubuta ta da kyakkyawan rubutun nan nawa da ake yabo.

Ranar Talata da rana saƙo ya shiga wayar mijin, yana zaune cikin abokan aikinsa: ana tunatar da ita zamanta da lauya gobe a cibiyar mata, kan ƙorafin da ta kawo game da mijinta. Har da godiya a ƙarshe. Ya koma gida ya karya mata hannun dama wuri biyu. Hannun da take wanki da shi.

Ikon Allah, ɗakin da kike kwance nan aka kawo ta, gado biyu tsakaninku. 'Yarki ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da muryarta kika gane ta, kika sa aka tallafe ki har bakin gadonta, kika tambaye ta yadda aka yi ya sani. Mai wanki ta ce, "Inna, sun rubuta ni."

Likita ya hana ki fita. Kika ce wa 'yarki ko ta kai ki ko ki tafi da rarrafe. Ranar Litinin da hantsi, kwana takwas kafin rasuwarki, motar haya ta tsaya a ƙofar shago. Ƙafafunki sun kumbura har takalminki ya ƙi shiga, silifan 'yarki ne a ƙafarki, ga filastar ƙarin ruwa a bayan hannu. Ba ki amsa gaisuwar kowa ba. Kika buɗe aljihun kekenki kika ɗauko babban almakashin yanka, kika ce in tashi. Kika zauna a kujerata kika fara yanka littafin shafi-shafi, a tsaye sannan a kwance, har sai babu harafi biyu da ke manne da juna. Gumi yana zuba, duk wadda ta miƙo hannu za ta taimaka sai ki harare ta. Kin fi awa ɗaya a kai.

Aka kira Shugaba ya zo a sukwane. Ya ce, "Haba Inna, wannan fa kayan cibiya ne."

Kika ce, "Sunayensu kayansu ne, Shugaba. Ko aro ba su ba ka ba."

Ni kuwa ina rakuɓe jikin bango da katina a wuya, ina jira ki wanke ni tas kamar yadda kike yi a kan hannun riga. Da ma kin mare ni, da ya fi mini sauƙi. Da kika gama sai kika ɗago kai kika ce, "'Yar Boko, ran da kika zo da rigar nan, da na ce faɗi sunanki da na dangin mijinki in rubuta, da kin zauna?"

Na ce, "A'a, Inna."

Kika ce, "To."

Shi ke nan. Aka mai da ke asibiti, jiki ya rikice, duk zuwan da na yi bayan nan ba ki iya magana. Shekara goma sha biyar ina gindin kekenki, kalmar ƙarshe da na samu daga bakinki ita ce "to". Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Labarin hannun mai wanki kuwa ya gama lungu kafin a gama ɗaure shi. Mata suka ɗauke ƙafa ɗif. Nas ta zo Litinin ta zauna ita kaɗai ta tafi. Lauya ta zo Laraba ta karanta jarida ta tafi. Mako uku ba maɓalli ko ɗaya da ya faɗa kwalba. Kada wani ya ce mini gidaje ne suka yi lafiya. Matan suna nan da rigunansu a yage, tsoronmu suke ji. Abin da kika gina a shekara ashirin da biyu, mun rushe shi a wata uku da biro ɗaya.

Sannan a wurin gaisuwa, a tsakar gidanki, 'yarki tana zaune ido a kumbure, Shugaba ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce abin da ya sami mai wanki kuskuren na'ura ne. Na'ura! Na'ura ce ta ce mata cike gurbi ne kawai? Ni na faɗa, ku kuka zaunar da ni, a bar na'ura ta huta. Ya ce don karrama ki za a kafa babban allo a saman shago, da hotonki, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa nan ce cibiyar matan da ake cin zarafinsu. Ya ce an riga an sayo sabon littafi, an gyara tsarin, yanzu za a riƙa tambayar mace lambar da za a same ta a asirce. Aka yi ta gyaɗa kai ana cewa madalla.

Ku gaya mini, don Allah, wace mace ce za ta bi ta ƙarƙashin allon nan da rana tsaka, mai kantin magani yana kallo, mai gyaran waya yana kallo, ɗan'uwan mijinta yana wucewa a kan babur? Wace lambar asiri ce da matar da ko kuɗin sabulu sai an bincike ta? Matar da ta ƙi a ɗauki hotonta tana raye, ita za ku liƙa a saman ƙofa ku kori matanta da fuskarta? Ba ku taɓa tsayawa a bakin ƙofar nan da riga a leda ba. Ni na taɓa, kuma na manta, shi ya sa laifina ya fi naku.

Na je wurin mai wanki, tana gidan yayanta yanzu. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, ban ɓoye komai ba. Ta daɗe tana kallon hannuna, sannan ta ce, "Ke ce mai biron." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Matan shago mun raba gidajen da take yi wa wanki a tsakaninmu don kada a ba wata kafin hannun ya warke. Gida biyu ne nawa. Yatsuna sun fara tsagewa, kuma ban ce a tausaya mini ba.

Kwana uku da rasuwarki 'yarki ta kira ni ɗaki ta miƙo mini abu a naɗe cikin ƙyalle. Almakashin ne. Ta ce tun a mota ranar da kuka koma asibiti kika ce, "In ta Allah ta kasance, a ba 'Yar Boko." Na rasa gane ko yafiya ce ko aiki kika bar mini. Na ɗauka duka biyun ne, don ba ki taɓa ba mutum ɗaya babu ɗayan ba.

Da shi na fara yanka katin wuyana. Jiya Asabar na ja teburin nan na kai wa mai gyaran waya kyauta, ya ce da ma yana nema. Na share shago, na ɗora shayi, na zauna a kekenki. Har azahar ba kowa sai masu karɓar ɗinki. Can sai ga wata mata da ban taɓa gani ba, ta wuce shagon, ta dawo, ta sake wucewa. Karo na uku ta shigo tana waige-waige, ta miƙo mini ɗankwali. Yagar hannu ce, ko zaren bai gama saki ba. Idonta yana kan wurin da teburin yake a da, inda ƙafafunsa suka bar shaida a siminti. Ta ce da ƙaramar murya, "Mai wanki ce ta ce in zo in duba ko yana nan."

Inna, na karɓi ɗankwalin. Da ƙyar na ce, "Gyaran nan zai ɗau lokaci, shiga ciki ki jira." Ta shiga. Ban san sunanta ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da ta ga dama. Na ɗauki farin maɓalli na jefa a kwalba ta tara.

Saboda haka, Shugaba, da sauran 'yan kwamiti, ga abin da zan zo da shi zaman ranar Alhamis, na faɗa tun yanzu don kada a ce na yi kwanton ɓauna. Ba allo. Ba hoto. Sunayen da ke cikin kwamfutar nan a goge su a gaban idonmu, mu matan shago, ɗaya bayan ɗaya. Masu tallafi in suna son shaida, kwalabe suna kan kanta, za mu ba su tabarma da shayi su zauna su ƙirga. In sun ce ba za su iya ba, Allah ya raka taki gona, da keke ɗaya aka fara. Sabon littafinku kuma ku zo da shi, ba zan hana ku ba. Almakashin Inna yana jakata, kuma na kai shi an wasa.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da kumburarrun ƙafafu da hannun da allura ta gama hudawa. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yafe mata kaifin bakinta, ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ta rufa wa dubban mata asiri, ka rufa mata nata ranar da asirai ke tonuwa. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka haɗa ta da ƙanwarta a inda ba mai yaga rigar wani. Ka ba mai wanki lafiyar hannunta, ka saka mata. Ni kuma ka yafe mini, ka hana ni sake mantawa.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarta da ta yi jinyarta wata uku ba ta ce ta gaji ba, da jikokinta, da ƙannenta, da nas da lauya, da duk matan da suka koyi taka keke a gabanta. Ina kuma miƙa ta ga matan cikin kwalabe tara, waɗanda ba su iya zuwa gaisuwa ba don kada a tambaye su inda suka san ta. Na san kun yi kukanku a ɓoye. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Inna, kin sha tsayuwa. Allah ya sa da kin isa a ce miki shiga ciki ki huta. Amin.